Digirin Gathogo da Fasinjojin Ƙarya

Wata goma sha ɗaya ke nan da Gathogo ya dawo Nakuru daga jami'a, kuma a unguwarmu ba wanda ya rage bai san abin da ya karanto ba. Digiri ne a fannin wasan kwaikwayo. Takardar ya sa ta a gilashi ya rataye a ɗakin da gwaggonsa ta ba shi a bayan shagonta, ya kuma yi ƙaramin hotonta ya soke a aljihu, saboda kada gardama ta tashi a hanya ya rasa shaida. Kullum da hantsi zai naɗa gyale a wuya ko da rana na dukan mutum, ya tafi shagon askin Barasa ya hakimce a benci. Ba aski ke kai shi ba, wai wayar wa jama'a da kai yake zuwa yi.

A nan yake bayanin cewa likita sai an kwanta ciwo yake cin abinci, lauya sai an yi rigima, amma ɗan wasa kasuwarsa ba ta rufuwa, tunda ba ranar da ɗan Adam ba ya son a ruɗe shi. Ya ce takardar nan ta aljihunsa in za a yi mata kuɗi tsakani da Allah, ta fi gidan bene. Barasa bai wuce aji bakwai ba, amma kujerun aski biyu gare shi, nasa na kansa. Yakan ce to Gathogo ya ciro masa shilin ɗari daga cikin benen nan zai sayo reza. Gathogo kuma ya ce irin wannan maganar ce ta hana ƙasar nan ci gaba.

Gwaggo Nyokabi, ƙanwar mahaifinsa, ita ta biya karatun nan tun daga farko har ƙarshe, da ribar shagon hatsi da kuma bas ɗinta ƙwaya ɗaya mai kujeru goma sha huɗu, wadda ke jigila tsakanin Nakuru da Ol Kalou. Mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta yana da ranar ƙarewa. Ranar Litinin ta tarar da shi ya cinye mandazi, wato fanke, guda huɗu cikin shida da ta ajiye, yana tsaye gaban madubi yana gwada yadda sarki ke mutuwa.

Ta ce, "Gathogo, ran Asabar wata zai ƙare. In takardar nan ba ta haifi ko shilin ɗaya ba kafin nan, za ka wuce Ol Kalou wurin baffanka. Dankali ya isa haƙa, shi kuma bayansa ya fara ciwo."

Gathogo ya yi dariya irin ta dandali. Amma ya san Ol Kalou. Sanyin can har cikin haƙori yake shiga, laka tana cire wa mutum takalmi, kuma baffansa ba ya magana da kowa sai tumaki. Tsoro ya ji na gaske, shi ya sa washegari ya bi gwaggon zuwa wurin lodi, wai ko basira za ta zo masa a hanya.

Bas ɗin Gwaggo ba ta da layi a cikin tasha. A bakin titi take lodi kusa da gidan mai, ita da wasu uku, duk suna farautar fasinja ɗaya. Fasinjan garinmu kuwa ba ya shiga motar da ya gani wayam, don ya san zai yini a ciki. Saboda haka kowace mota tana da 'yan seti, waɗanda ake ba shilin hamsin su zauna kamar matafiya har a ga motar ta kusa cika, in na gaske sun zo su sulale ɗaya bayan ɗaya. Babbansu a wurin shi ne Baba Karobia, wani tsoho mai tsohuwar kwat da jaridar bara. Shekara goma sha tara yana zama a motar Ol Kalou, ko sau ɗaya bai taɓa zuwa Ol Kalou ba.

Gathogo ya tsaya yana kallonsu, sai idanunsa suka kawo haske. Ashe sana'arsa ce ake yi a bakin titi, kuma jahilai ke yin ta. Nan take ya shaida wa Gwaggo cewa awa biyun da motarta ke yi kafin ta cika, shi zai mayar da su minti ashirin. Zai kafa kamfanin 'yan seti na ilimi, a fara da motarta, kafin shekara duk tashoshin ƙasar nan sai sun biyo layi a ƙofarsa. Gwaggo ta ce in motar ta cika da wuri za ta biya shi da mutanensa hamsin hamsin kamar kowa, in ya so Baba Karobia ya ɗan huta.

Tsohon bai yi fushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya naɗe jaridarsa ya ba Gathogo shawara kyauta: ya zauna kusa da ƙofa, ya ɓata rai kamar wanda ya gaji da jira, ya riƙa duba agogo, in kujera ta yi wuya ya sauka kamar zai je fitsari.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan, ɗana. Babban abu kada kowa ya tuna fuskarka."

"Baba, shekara huɗu na yi ana koya mini yadda za a tuna fuskata."

"To Allah ya sauwaƙe," in ji tsohon, ya wuce teburin mai shayi.

Ranar Laraba Gathogo ya fara da kansa. Ya ce fasinja ba kaya ba ne, dole a ga tarihi a jikinsa. Ya barbaɗa garin masara a kai, ya ari sanda, ya shiga mota a matsayin tsohon ma'aikacin haƙar dutse da ke komawa gida bayan shekara talatin yana shaƙar ƙura. Mutum biyar na gaske suka shigo, abu ya yi kyau, sai Gathogo ya ga lokaci ya yi da zai nuna tarihin. Ya saki wani tari daga can ƙasan ƙirji, ya ja numfashi da ƙara, ya duba hankicinsa ya girgiza kai ya ɓoye. Mai jego da ke gefensa ta rungume jaririnta ta dira. Ɗalibai biyu suka bi ta, sun toshe hanci da riga. Kafin Mwaniki kwandasta ya dawo daga tsallaken titi da fasinja na shida, motar ta koma wayam, ta bayansu kuwa ta cika ta tashi.

Da rana kwandastan waccan motar ya zo har wurin Gathogo ya yi masa godiya, ya ce in gobe zai sake zama a motar Gwaggo ya yi tarin nan, shi zai ba shi ɗari. Wannan ne tayin kuɗi na farko da digirin ya taɓa samu a duniya, kuma da Gathogo ya karɓa, da ya tsira daga dankali. Amma ya gyara gyalensa ya ce shi ba ɗan tari ba ne, ɗan wasa ne. Da labarin ya kai shagon aski, Barasa sai da ya ajiye injinsa ya riƙe ciki don dariya.

Ranar Alhamis ya ce kuskuren jiya shi ne baƙin ciki ya yi yawa, mutane farin ciki suke so. Ya lallashi Wangeci mai ɗinki ta rufe shago, ta ɗaura matashin kai a ƙarƙashin riga, suka shiga a matsayin mata da miji masu zuwa ƙauye jiran haihuwar fari. Fasinjoji huɗu suka shigo suna yi musu fatan alheri. Wangeci tun tana ƙarama take son a kalle ta, yabon nan ya hau mata kai, sai ta dafe ƙugu ta yi nishi. Gathogo maimakon ya taka mata burki, ya ga ai an ba shi dama, ya durƙusa a tsakanin kujeru yana kiran sunanta da muryar da za ta sa dutse kuka.

Wata dattijuwa cikin fasinjojin ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa, ta san wannan nishin, yaro yana hanya. Ta kama kwalar Rono direba ta ce in bai tayar da motar nan yanzu ba, hakkin rai biyu yana wuyansa. Rono ya san ƙarya ce, ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna in ya faɗa asirin seti ya tonu a gaban fasinjoji. Haka ya ja mota da kujeru takwas babu kowa, yana ƙunƙuni, suka nufi asibiti. A ƙofar asibitin aka gangaro da keken marasa lafiya, Wangeci ta hango ma'aikaciyar jinya tana sa safar hannu, sai ta tsallake ta taga ta ranta a na kare, matashin kai a hammata. Dattijuwar ta juyo kan Gathogo da lemarta, kuma har yau in ana ruwa kafaɗarsa ta hagu tana tuna masa.

Da yamma Mwaniki da Rono suka je shagon Gwaggo suka ce ko shi ko su. Gwaggo ta ce ta riga ta ce Asabar, kuma ita ba ta janye magana, su ƙara haƙuri na kwana biyu. Gathogo ya ce ai duk laifin nasu ne. Sun san shi, suna ta satar kallonsa, suna cije leɓe, fasinja kuwa yana gani. Ran Asabar ba zai gaya wa kowa su wane ne nasa ba, ko kwandasta ko direba. Mwaniki ya ce shekara goma sha biyu yana rataye a ƙofar mota, ɗan seti ko a duhu ya shigo zai gane shi da ƙamshi. Gathogo ya ce za a gani.

Juma'a gaba ɗaya a tsakar wani gidan haya na unguwarmu aka yi ta ana gwaji. Mutum biyar ya ɗauka: Barasa, wanda ya ce zai zo ne don kada a ba shi labari, Wangeci, Maman Adhiambo mai suyar kifi, da mawaƙan coci biyu. Ya ba kowa suna da tarihi da kaya. Barasa ya zama kurman tsoho da gemun auduga. Maman Adhiambo ta zama bazawara mai zuwa ta'aziyya. Ya jera kujeru kamar na mota ya yi ta horar da su har rana ta karkata, yana nanata dokoki biyu. Ta farko, kada wanda ya waiwaya, don waiwaye alamar rashin gaskiya ce. Ta biyu, ko sama za ta faɗo, kada wanda ya fita daga halinsa sai ya ga Gathogo ya cire hula. Maƙwabta suka cika katanga suna kallo, suna tambayar nawa ake biya. Maman Adhiambo, wadda ba ta iya riƙe magana, ta ce hamsin, zama kawai za ka yi ka canza kaya.

Asabar ranar kasuwa ce. Gathogo ya iso da baƙar kwat da farar kwala da hular malafa, wai shi fasto ne mai zuwa ɗaurin aure. Ya wuce ta gaban Mwaniki, Mwaniki ya rusuna ya ce Fasto ya zaɓi kujerar da yake so. Daɗi ya kashe Gathogo. Ya wuce can kujerar ƙarshe ta kusurwa, domin mai ba da umarni dole ya ga dandalinsa gaba ɗaya. Mutanensa biyar suka shigo a rarrabe, kowa ya yi abin da aka koya masa.

Daga nan sai mutane suka fara kwararowa. Wani ya shigo da katon tabarau da jakar fata. Wata ta shigo ta lulluɓe har hanci. Wani ya zo da bandeji a kai, wani da kwalin 'yan tsaki suna ta tsiwa, wasu mata biyu da ƙullin kaya. Gathogo yana kusurwa yana duba agogo, zuciyarsa na rawa. Minti goma sha ɗaya, kujeru goma sha huɗu sun cika. Har ya fara tsara abin da zai faɗa a shagon aski, da launin da za a yi wa allon kamfaninsa.

Saura kawai a sami wasu fasinjoji shida a waje, ya cire hula, nasa su sauka. Amma Mwaniki bai gane ko ɗaya cikin mutanen Gathogo ba. Shi dai ya leƙa ya ga mota ta cika, ya kuma hango motar jami'an gari masu kama masu lodi a bakin titi ta karyo kwana. Ya ja ƙofa ya rufe, ya buga rufin sau biyu, Rono ya taka mai.

Gathogo ya cire hula. Ya ɗaga ta sama. Ya kaɗa ta hagu da dama har ta bugi rufi. Ba wanda ya gani, domin yana can baya, kuma mutanensa sun haddace darasi, ko ɗaya bai waiwaya ba. Ya yi gyaran murya. Barasa da ke gabansa kurma ne, bai ji ba. Ya so ya yi ihu ya ce a tsaya, sai ya tuna fasinjoji takwas na gaske da ke ciki, ya ga gara a yi asarar kujeru shida da a tona asiri. Ya mayar da hularsa ya zauna, gumi yana bin farar kwalar.

Sai da suka fita gari suka fara hawan tudun Dundori, sannan Mwaniki ya juyo ya fara karɓar kuɗin mota. Mai 'yan tsaki ya miƙa ɗari ukunsa. Mwaniki ya miƙa hannu ga Barasa, Barasa ya kama kunne ya ce eh, sanyi kam akwai shi. Maman Adhiambo ta fashe da kuka ta ce da marigayi yana nan ba wanda zai tambaye ta kuɗi. Mwaniki ya ce zai dawo kansu, ya miƙa hannu ga mai katon tabarau. Mai tabarau shi ma ya miƙo nasa hannun, a buɗe.

"Ɗari uku, maigida."

"Hamsin aka ce mana."

"Wa ya ce motar Ol Kalou hamsin ce?"

"Ba biya zan yi ba, karɓa zan yi. Ko ba kai ke sallamarmu ba?"

Mai bandeji ya ce shi ma tun ɗazu yake son ya tambaya, yaushe ake sauka, don ya bar wake a wuta. Mai lulluɓi ta yaye mayafi, sai ga matar mai gidan hayar da aka yi gwaji a ciki. Matan nan biyu masu ƙullin kaya surukan Wangeci ne, ƙullin kuwa tsummokara ce. Duk 'yan katangar jiya ne. Sun kalli gwaji kyauta, sun koma gida kowa ya yi wa kansa shiga, sun zo cin hamsin ba tare da sun gaya wa kowa ba.

Rono ya taka burki a tsakiyar kasuwar bakin hanya, ya kashe mota ya kifa kansa a kan sitiyari. Mwaniki ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana cire gemu da tabarau, har ya kai kusurwa.

"Fasto, kai kam na san za ka biya."

Gathogo ya cire malafa a hankali. Mwaniki ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauka ya zauna a kan buhun kabejin wani.

Kafin rabin awa 'yan kasuwa sun yi wa motar zobe. Masu kabeji da masu karas suka bar kayansu suka zo kallon motar da ta cika babu fasinja. Mutum goma sha biyu suka tasa Gathogo gaba suna neman hamsin ɗinsu da kuɗin komawa. Ana cikin haka sai ga Gwaggo Nyokabi a bayan babur. Baba Karobia ne ya je har shago ya gaya mata, bayan ya shanye shayinsa. Daga teburin mai shayi ya gane su duka tun suna shiga, amma ba wanda ya tambaye shi.

Gathogo ya ga taron da bai taɓa samun irinsa ba ko a jami'a, sai ya hau matakin mota ya buɗe murya. Ya ce jama'a su zama shaida, yau ilimi ya yi halinsa. Kwandasta mai shekara goma sha biyu a ƙofa ya rusuna masa ya ce Fasto. Mota ta cika a minti goma sha ɗaya. Ko waɗanda suka leƙa darasinsa ta katanga sun ruɗi shi kansa malamin, to ina ga wanda ya biya kuɗi ya zauna a aji? Wasu 'yan kasuwa har suka tafa masa.

Gwaggo ta jira tafin ya lafa. Ta ce, "Gaskiya ka iya, ɗana. Ni kaina da na gan ka da kwalar nan sai da na ji kamar in gyara ɗankwali. To nawa ya shigo?"

Mwaniki daga kan buhu ya ɗaga ɗari uku, ya nuna mai 'yan tsaki.

Gwaggo ta dubi Gathogo ta ce, "Wannan kai ka jawo shi?"

Mai 'yan tsaki ya ce a'a, shi kullum wannan motar yake shiga, don direban ba ya gudu. Ya ƙara da cewa shi dai ya biya, kuma 'yan tsakinsa sun fara galabaita, a kai shi Ol Kalou.

Gwaggo ta ce yana da gaskiya. Ta yi magana da wani mai babbar motar kabeji da zai shiga Nakuru, aka loda 'yan wasa goma sha biyu a kan kaya, Barasa yana sama da rabin gemu yana ce wa Gathogo zai kula masa da gidan bene. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro ɗari uku ta ba Mwaniki.

"Wannan na Fasto ne. Ku sauke shi a mararrabar gonar baffansa. Kayansa da takardar gilashi za su biyo motar Litinin."

Gathogo ya ce Gwaggo ai Asabar ba ta ƙare ba tukuna, da sauran rana. Ta ce ta sani, shi ya sa take so ya isa da haske, ya ga inda fartanya take.

Motar ta ci gaba da hawa da fasinja biyu a ciki, iska mai sanyi tana shigowa ta taga. Gathogo ya zauna ya rungume malafa, ya rasa ko wace fuska zai sa, ya bar tasa. Mai 'yan tsaki ya daɗe yana kallonsa ta gefen ido, sannan ya matso da kwalinsa.

"Malam, don Allah kada ka ji haushi. Kai ma a gaba za ka sauka, ko na gaske ne?"

Gathogo ya dubi gonakin dankali da suka fara bayyana a gefen hanya.

Ya ce, "Na gaske ne."